Hukuncin Tururuwa

Har yau ba na son tururuwa. Jikokina sun san haka, shi ya sa in suka ga jerinta a gindin rumbu sai su rugo su faɗa mini da gangan, don kawai su ji abin da zan ce. Ba cizonta ne ya dame ni ba. Ita aka naɗa alƙali a kan nonona, ta yanke hukunci, kuma manyan mata masu furfura suka ce sun yarda da shari'arta.

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai na yi haihuwar fari, a gidan babana a nan Illela. Lokacin 'yan tutocin da aka raba wa yaran makaranta ba su gama yagewa ba, wasu na nan soke a jikin danga. Mijina manomi ne a Lafani, ni kuwa an maido ni gida tun cikin bai tsufa sosai ba, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Innata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka ƙanwar babana, wadda muke kira Goggo, ita ta tsaya a kan jegona. Sana'arta busasshen kifi, ta saro a Kalmalo ta tsallaka da shi Ƙonni. Mace ce mai ƙoƙari, wannan ba zan hana mata ba. Ruwan wankana bai taɓa yin sanyi ba, kunun kanwa bai taɓa yankewa ba. Amma in Goggo ta faɗi magana, to ta zauna kenan, ko babana ba ya tayar da ita.

Ɗiya mace na haifa, 'yar ɓulɓul da ita, ga gashi. Sai dai a wurinmu ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki ko kallonsa in akwai ido a wurin. In aka tambaye ki lafiyarsa sai ki sunkuyar da kai wani ya amsa. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, na taso na ga ana yi, kuma ban yi niyyar zama ta farko da za ta karya ta ba. Ta wutsiyar ido nake satar kallon yarinyar in Goggo ta juya baya.

Kwanakin farko ba a ba ta nonona ba, don an ce na farkon nan mai kauri ba shi da kyau, sai ruwan ɗumi da ɗan nonon akuya. Da nono ya kawo sosai aka kira ungozomar unguwarmu ta gwada shi. Tsohuwa ce tukuf mai cin taba gari, yatsunta biyun nan da take ɗibar taba da kanwa sun rine sun yi baƙi ƙirin. Ta tatsi nonona a ɗan ƙoƙo, ta fita gindin rumbu ta tsinko tururuwa guda, ta riƙo ta gam a tsakanin waɗannan yatsun, ta zo ta jefa ta ciki. Ƙa'idar ita ce, in tururuwa ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, nono na da dafi. Muka zuba ido, ni da Goggo da matan gida. Tururuwa ta ɗan motsa ƙafa, ta juya, ta miƙe ta mutu.

Yanzu ku gaya mini, don Allah. Wace tururuwa ce za a murje ta da yatsun taba gari, a tsunduma ta cikin ruwa, sannan ta fito tana tafiya? Ko a ruwan rijiya aka jefa ta ai ta gama yawo. Amma a ranar babu wadda ta yi wannan tunani, har da ni. Tsohuwa ta girgiza kai ta ce wanga nono ba na sha ba ne, in yarinya ta sa shi a baki sai dai wani ikon Allah. Goggo ta yi salati, ta ɗauke jaririyar daga kusa da ni ta mayar da ita kan gadonta.

Aka shiga yi mini magani. Saiwoyi masu ɗacin tsiya safe da yamma, da wani ƙulli da ake kwaɓawa a shafe mini ƙirji. Kullum kuma sai na tatse nonon na zubar a toka a bayan ɗaki, wai don dafin ya fita. Bayan suna aka sake gwaji. Tsohuwar nan dai, yatsun nan dai, tururuwa ta biyu ta bi ta farko. Aka ce a ci gaba da magani, a ci gaba da ba yarinya nonon akuya har Allah ya kawo sauƙi.

Wanda bai ga ɗura ba bai san abin da nake faɗi ba. Goggo za ta kwantar da ita a cinya, ta tara tafin hannu a bakinta, ta tsiyaya nonon akuya daga ludayi, ta toshe mata hanci. Yarinya na neman numfashi tana haɗiya, tana shaƙewa, ƙafafu na harbin iska. Ni ina zaune a ƙofar ɗaki na juya musu baya kamar ba ruwana, ƙirjina ya cika ya yi tauri har hammata, zanena ya jiƙe. Da an gama sai in tashi in zagaya baya in tatse abincinta a toka, kaji su zo suna tsattsaga wurin. Na yi kuka a bayan ɗakin nan har na gaji. Kuma ban taɓa satar ba ta ba, don tsoro nake ji. An ce mini dafi ne, na ga tururuwa biyu sun mutu da idona. Ina tsoron in sa mata a baki ta miƙe a hannuna yadda suka miƙe.

Nonon akuya bai karɓe ta ba. Zawo ya kama ta, ya tafi, ya dawo. Kumatun nan suka zube, wuyanta ya yi tsawo, maɗigarta ta faɗa har kana iya ganin ramin. Matan gida kowa da abin da take faɗi, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne, wata ta ce ai 'ya'yan fari haka suke farawa. Aka karɓo rubutu, aka rataya mata laya. Ni dai babu mai tambayata, kuma ko an tambaye ni ba ni da bakin amsawa. Mijina ya zo dubiya ran kasuwa, ya tsaya a zaure, shi ma kunyar ta hana shi cewa a fito masa da ita. Ya tambayi lafiyar mutanen gida gaba ɗaya, aka ce lafiya lau, ya ajiye damin geron da ya kawo ya koma.

A lokacin akwai ɗakin shan magani a bakin kasuwa, kuma duk wata wata malamar asibiti na zuwa daga Sakkwato a mota don awon jarirai. Zuwanta na farko bayan haihuwata ina cikin wanka, ba na fita, sai Goggo ta kai yarinyar ita kaɗai, ita ma don mai unguwa ya matsa ne. Ta dawo tana mita, wai an rataya mata jika a sikeli kamar buhun gyaɗa. Daga baya na ji cewa malamar ta tambaye ta ko yarinya na shan nono sosai, Goggo ta ce tana sha mana. A ganinta ba ta yi ƙarya ba, tunda ba a ce nonon wa ba.

Bayan na gama arba'in sai ga mai shela yana zagaya gari. Ya ce agana, ciwon ƙurajen nan mai kisa, ta ɓulla a ƙauyukan tsallake, masu lambar rigakafi za su zo tare da malamar awo, kowa ya fito babba da yaro, kuma duk wanda ba shi da lamba a dantse ba zai tsallaka Ƙonni ba. Ya ƙara da cewa kowane jariri a zo da shi da uwarsa. Da don ta yarinyar ce kaɗai, na san Goggo da ta sami dalilin zama. Amma ga kifinta a ɗaka yana jiran kasuwar Ƙonni. Da hantsi ta goya jaririyar, ta ce in yafa zane in biyo ta.

Mun iske mata cike a gindin itacen bedi, kowace da goyonta, wasu daga Kalmalo, wasu Fulani daga ruga da ƙoren nononsu a ajiye a gefe. Mai lamba na zaune a kan benci da 'yar fitilarsa da yake ƙona tsinken yin lamba a kai, malamar kuwa na cikin baranda da sikelinta a rataye. Doguwa ce fara, ta ɗaura farin kallabi, daga jin maganarta ka san 'yar cikin birnin Sakkwato ce, irin gidajen da suka daɗe da boko. Goggo ta shiga layi da goyo. Ni na nemi gefe can nesa na zauna, na ba su baya, yadda ya kamata mai ɗan fari ta yi.

Da layi ya zo kan Goggo aka kwance yarinyar aka sa ta a sikeli. Malamar ta duba sikelin. Ta sake dubawa, ta ɗaga fatar cikin yarinyar da yatsu biyu ta saki, ta taɓa maɗigar. Sannan ta ce wagga yarinya ta fi nauyi a watan jiya, ina uwarta? Goggo ta nuna ni da haɓa. Aka kira ni, na taso na durƙusa a bakin baranda, kaina a ƙasa.

Ta jero mini tambayoyi. Sau nawa take sha a yini? Tana kamawa da kyau? Yaushe zawon ya fara? Ni kuwa ga Goggo tsaye a kaina, ga matan unguwarmu sun kasa kunne, ga wata ƙanwar uwar mijina a cikin layi. Ta yaya zan buɗe baki in yi zancen ɗiyar fari a gabansu? Goggo ce ke amsawa, tana cewa lafiya lau, ɗan zawo ne na yara. Malamar ta ce ba da ita take ba, da ni take. Na ƙara sunkuyar da kai.

Nan fa ta hau ni. Ta ce ta san irinmu sarai, 'yan matan zamani masu ƙyashin shayarwa don kada ƙirji ya zube. Ta ce tun da na zo take lura da ni, ko sau ɗaya ban waiwayi yarinyar ba, na koma gefe na zauna kamar wadda ta rako maƙwabciya. Ta ce akuya ma ta fi ni sanin ɗanta. Ta juya ga sauran mata ta ce su dube ni da kyau, ga yadda uwa ke kashe ɗiyarta da rashin kula.

Wallahi har yau ban manta da wannan zagin ba. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa da na yi mata uzuri. Amma Bahausa ce, ta san kunyar ɗan fari, ƙila ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ta ga zanena a jiƙe ta gaba, ai ba makauniya ba ce. Da ta ja ni bayan ɗaki mu biyu ta tambaye ni a hankali, da na zazzage mata komai, har tururuwar. Ba ta yi ba. Ta fi son ta yi wa'azi da ni a gaban jama'a. Goggo kuma, wadda ta san gaskiya tun daga tushe, ta tsaya ƙyam ta bar ni ina shan zagi, don ba ta son a ji a bakin kasuwa cewa nonon gidanmu na da dafi. Kowa ya tsare mutuncinsa, ni da yarinyar aka bari a tsakiya.

Da malamar ta gaji ta ce a kai yarinyar a yi mata lamba, a dawo da ita. Goggo ta miƙa nata dantsen aka yi mata, sannan ta tara na jaririyar. Mai lamba dattijo ne, ya riƙe ɗan hannun yana jujjuyawa, ya ce shi bai ma ga inda zai kama ba. Ya goge wurin, ya ɗiga maganin, ya shiga karcewa da tsinke. Duk yaran da aka yi wa kafin ita sun tsala ihu har sai da iyayensu suka toshe musu baki da nono, kowace tana jijjiga nata. Tawa ta buɗe baki iyakar buɗewa, fuskarta ta tattare, amma kukan bai fito ba. Sai wata 'yar ƙara siririya kamar ta ɗan kyanwa, ita ma ta yanke. A nan na juyo na dube ta sosai, ido da ido, karo na farko a gaban mutane. Bakin na buɗe yana neman abin kamawa, ta kama gefen zanen Goggo tana tsotsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na sa hannu biyu na ɗauke ta daga cinyar Goggo, na zauna a nan ƙasa a gaban bencin mai lamba, na kwance zane.

Goggo ta riƙe mini kafaɗa, ta yi ƙasa da murya. "Ke, mi kike yi haka? Dahi na fa. Kashe ta za ki yi."

Na ce, "Goggo, mutuwa take yi tun da wata biyu. In nonona zai kashe ta, ta mutu da cikinta a cike."

Ban taɓa mayar wa Goggo magana ba sai ranar. Ta sake ni.

Da farko yarinyar ba ta iya kamawa ba, ta saba da ɗura. Ta yi ta lalube tana kaucewa, nono na zuba mata a fuska. Na matsa mata kaɗan a leɓe, ta lasa, ta tsaya. Sai ta cafke. Zafin da na ji har cikin ƙashin bayana, amma ban motsa ba. Ina jin haɗiyarta, ƙut, ƙut, ina kallon ɗan maƙogwaron na hawa yana sauka. Zancen dafin ya riga ya bi layi daga bakin matan unguwarmu, kowa na jira ya ga abin da zai faru. Ni ma jiran nake yi. Kada ku ɗauka jarumtaka ce, tururuwan nan biyu kawai nake gani.

Can sai tsotson ya yi rauni, ya tsaya. Bakinta ya saki. Hannunta ya zube a gefe, kanta ya langaɓe, idanu a rufe. Na ji wata daga baya ta fara salati. Na ce shi kenan, na kashe ta, a gaban duniya. Na ɗago ta na girgiza, ban san me nake yi ba, na ɗora ta a kafaɗa. Sai ta yi gyatsa. Gyatsa mai ƙarfi, irin ta ƙaton da ya tashi daga kan tuwo, har da ɗan tumbuɗi a wuyana. Wata Bafulatana ta fashe da dariya, ta ce barci ne, yarinya ta ƙoshi. Na sa kunne a bakinta na ji numfashi na fita a hankali. Ashe tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙoshi ba, shi ya sa ban san kamannin barcin ƙoshinta ba.

Kuna tsammani malamar ta ba ni haƙuri? Ina! Da wata ta ba ta labarin tururuwa sai ta riƙe baki, ta yi faɗan jahilci na ɗan lokaci, sannan ta juya ga mata ta ce sun gani ko, da ba ta yi mini tsawa ba da ban shayar ba. Ita ta ci nasarar kenan. Na haɗiye wannan ma. Ta ɗauko sabon kati ta ce wata mai zuwa ni za ta gani da yarinyar, ba kaka ba. Ta ɗaga alƙalami, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Mi as sunanta?"

Goggo ta buɗe baki za ta amsa kamar kullum. Na riga ta. Na faɗi sunan ɗiyata da bakina, a gaban Goggo, a gaban dangin mijina, kuma ban faɗe shi a hankali ba. Na ji wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi.

A hanyar gida ni na goya ta. Goggo na gaba, ba ta waiwayo ba, kuma ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai ta bakin wasu. Kafin la'asar labari ya kai Lafani, wai ɗiyar gidan wane ta tuɓe ƙirji a bakin kasuwa ta kira sunan 'yar fari. Ungozoma ta aiko cewa babu ruwanta da abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya shi ne lambar ta kama, ta yi ƙurji ta bushe, zawo ya tsaya, maɗiga ta ciko. Da wata ya zagayo na kai ta awo da kaina, sikeli ya nuna ta hau. Da ta fara rarrafe sai ga Goggo na gaya wa baƙi cewa saiwoyinta ne suka wanke nonon. Ungozomar kuwa ta ci gaba da gwajinta a gidajen mutane har ta mutu, kuma ban san 'ya'ya nawa tururuwarta ta hana abincinsu ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Sunan marar kunya ya bi ni shekara da shekaru. In ana zancen kunya a gidan biki sai a yi ƙasa da murya in na shigo. Babu wadda ta taɓa zuwa ta ce mini, ke, ashe ke ce da gaskiya.

Ɗiyar tawa yanzu ita ma ta yi jikoki, tabon lambar na nan a dantsenta na hagu. Gidanta na kusa da nawa, katanga ce kawai tsakaninmu. Tsararrakina da suka rage har yau ba sa kiran 'ya'yansu na fari, sai su ce waccan, ko su ce ke. Ni kuwa in ina son ta, ko da ba wani abin kirki zan ce mata ba, daga tsakar gida nake tsayawa in ƙwala mata kira da sunanta, yadda duk unguwa za ta ji. Sai in ji ta amsa daga bayan katanga, "Na'am, Inna."